Daga Tiga zuwa Riruwai a kan keke

Mafi yawan mutanen birnin Kano sun ɗauka cewa jiharsu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce wadda Dala da Gwauron Dutse kaɗai suka ɗaga kai a cikinta. Wanda ya bi titin Zariya ya karkata a Kwanar Dangora ya nufi Jos zai sauya ra'ayi tun kafin ya wuce Tudun Wada. Daga nan ƙasa take fara hawa da gangara, itatuwa su ƙara kauri da tsawo, har a shiga dajin Falgore, a ɓulla ƙasar Doguwa inda duwatsun Riruwai suka haura mita 1,000 daga doron teku, alhali birnin Kano bai kai mita 500 ba. Ina ganin a duk faɗin jihar nan babu yankin da ya dace da tseren keke da yawon buɗe ido a kan keke kamar wannan ɓangare da ya haɗa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Amma har yanzu ba mu ɗauki maganar da muhimmanci ba, domin mun daɗe da yanke wa keke hukuncin cewa abin hawan wanda ya rasa ne.

Duwatsun Riruwai sun cancanci a ɗan dakata a kansu. Masana ilimin ƙasa sun bayyana su a matsayin gindin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya yi zamaninsa kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce. Bayan ya amayar da abin da ke cikinsa, sai rufinsa ya rufta, narkakken dutse ya biyo tsagar da ta kewaye shi ya daskare. Ruwan sama da iska suka yi ta zaizaye saman har ya ƙare, aka bar ƙashin bayan a tsaye, zagaye kamar zobe. Irin wannan jerin duwatsu ne ya taso daga Azbin a Jamhuriyar Nijar, ya ratsa Damagaram, ya biyo ta Riruwai da Ningi har tsaunukan Jos. A cikinsu ake samun kuza, kuma tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna narka ta suna sayarwa ga fatake. Abin da ya shafi mai keke a nan shi ne, irin wannan ƙasa ba ta barin hanya ta miƙe. Dole ta kewaya, ta hau, ta sauka kwari, ta tsallake rafi, ta sake hawa. Direban mota yana ganin haka a matsayin ɓata lokaci, shi kuwa ɗan tseren keke abin da yake nema ke nan ruwa a jallo.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A Faransa, yankin Auvergne mai cike da matattun duwatsun aman wuta ya zama matattarar masu keke, kuma a 2023 gasar Tour de France ta sake hawa dutsen Puy de Dôme bayan shekara 35. Kusa da mu, Ruwanda ta kafa sansanin horar da 'yan kekenta a Musanze, a gindin duwatsun aman wuta na Virunga, har ta kai ga karɓar baƙuncin gasar keke ta duniya a Kigali a watan Satumba na 2025, karo na farko a nahiyar Afirka. Burkina Faso, wadda ba ta fi mu arziki ko tuddai ba, ta fara gasar Tour du Faso tun 1987. Biniam Girmay na Eritrea ya lashe zango uku a Tour de France ta 2024. A wannan shekarar ce kuma 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta shiga wani rukunin tsere a gasar Olamfik ta Paris da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wannan abin kunya ne da bai kamata a wuce shi da dariya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka keke baƙo ne a wannan yanki. A da, har kamfanin Raleigh yana da masana'antar haɗa keke a Kano, kuma malamin makaranta ko malamin gona da ya mallaki sabon keke mai ƙararrawa mutum ne da ake gaisarwa da girmamawa. Babur ɗan Caina ne ya zo ya ture shi. Sai ga shi tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, mutane suka koma zaure suna kakkaɓe ƙurar tsofaffin kekunansu. Duk wanda ya je ƙauyukan Tudun Wada ranar kasuwa zai ga matashi ya ɗaure buhun masara ko damin rake a kariya, yana taka feda a kan hawa da keken da ba shi da giya ko ɗaya. Keken tsere na ƙwararru, bisa dokar hukumar keke ta duniya, ba ya gaza kilo 6.8, kuma yawanci ba ya wuce hakan da yawa. Wanda yaron nan yake hawa ya ninka shi nauyi fiye da sau biyu tun kafin a ɗora masa kaya. Ƙarfin ƙafa da na huhu da wasu ƙasashe ke kashe kuɗi don ginawa, shi a hanyar gona ya same shi, kuma babu wanda ya taɓa riƙe agogo ya auna gudunsa.

Idan za a tsara hanya, ni daga Tiga zan fara, a bakin madatsar ruwan da gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano. Ƙasar Bebeji da Kiru ba ta da tsananin hawa, ta dace da masu koyo da ɗalibai, kuma akwai hanyoyin burji da ƙananan kwalta da ke haɗa ƙauyuka inda mutum zai yi tafiya mai nisa bai haɗu da abin da ya fi amalanke da babur ba. Daga Tudun Wada zuwa kudu ne aikin ƙwararru yake farawa, ya ƙare da hawan Riruwai da kewayen Zainabi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, rafuka sun janye, sanyin safiya yana nan. Sai dai iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, wato tana tura mai nufar kudu, tana kuma tare shi a ƙirji ranar komowa. Da damina kuwa ƙasar ta fi kyan gani, amma laka da ruwan da ke shafe ƙananan kwalbatoci sun isa su hana tafiya.

Na san abin da wani zai ce: ana maganar tsaro, malam yana maganar keke. Ƙorafin yana da tushe. Dajin Falgore, wanda aka killace tun zamanin Turawa, aka kuma mai da shi gandun namun daji daga baya, ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, har ta kai ga sojoji sun kafa sansanin horo a cikinsa. Shirun hanya iri biyu ne. Akwai na kwanciyar hankali, akwai na tsoro, kuma mai keke ya fi kowa buƙatar rarrabe su, domin ba shi da gudun da zai tsira da shi. Ba zan shawarci kowa ya ratsa Falgore shi kaɗai a kan keke ba, ko da rana tsaka. Amma mu lura cewa ɗan ƙauyen da ke gefen dajin ba shi da zaɓin da ɗan birni yake da shi, kullum sai ya bi hanyar nan ya kai kayansa kasuwa. Duk tsaron da za a samar domin baƙo mai tsere, shi ne zai fara cin moriyarsa. Hanyar da jama'a ke yawan bi, wadda hukuma ta san idon duniya yana kanta, ba ta cika zama mafakar ɓarawo ba.

Haɗari na biyu ya fi na ɓarayi yawan aukuwa, ko da yake ba a cika yin maganarsa ba. Babban titin Kano zuwa Jos hanya ce ta tireloli da tankoki, kuma a wurare da yawa gefen kwaltar ya cinye, ya bar gaɓa mai kaifi tsakanin titi da ƙasa. Mai keke da babbar mota ta matse ba shi da wurin kaucewa sai ya faɗa. Wannan ba sabon abu ba ne a Najeriya. A 2001, ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran mutane su rungumi keke, mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyarsa ta zuwa taron majalisar ministoci. Aka yi ta yi masa ba'a, maganar keke ta mutu, tituna suka ci gaba da ginuwa kamar babu mai tafiya sai mai inji.

Saboda haka ba na goyon bayan a fara da gagarumin biki, a gayyato baƙi, a raba riguna masu hoton wani, washegari a manta. Abin da ya fi amfani ƙarami ne kuma mai arha. Duk kwangilar gyaran hanya da za a bayar a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu a sanya mata sharaɗin shimfiɗa kafaɗar titi mai kwalta, faɗin da keke mai ɗauke da buhu zai bi lafiya. Sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero yana da ɗaliban da za su iya auna hanyoyin nan, su fitar da taswira mai nuna tsawon kowane hawa, da garuruwan da ake samun mai faci da ruwan sha da wurin kwana, da sassan da ba a bi sai da rakiyar jami'an tsaro. Hukumar wasanni ta jiha kuma ta shirya tsere tsakanin makarantun sakandaren yankin, a bar yara su shiga da kekunan da suke da su, a ba su hular kwano, a rubuta lokacin kowa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, amma a wurinmu ranar tana faɗowa a farkon damina, lokacin da yaran nan suke gona. Disamba ta fi dacewa, kuma zangon farko ba sai ya wuce daga Tiga zuwa garin Bebeji ba.