Wa Zai Duba Amsar Rumbun Bayanai?

Rumbun bayanai manhaja ce da ke jera bayanai cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta kuma fito da su in an nema. Da shi banki ke riƙe lissafin kuɗin jama'a, da shi hukumar jarrabawa ke adana sakamakon ɗalibai. Ana yi masa magana da wani harshe mai suna SQL, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM bisa tsarin da Edgar Codd ya shimfiɗa a 1970. Duk buƙatar neman bayani da aka rubuta da harshen, tambaya ake ce mata.

Kafin amsa ta fito, tambaya takan ratsa sassa da dama: wani ya karanta jimlar, wani ya zaɓi hanya mafi sauri, wani ya ɗebo bayanan daga ma'ajiya. Sau tari akan gwada kowane sashe shi kaɗai a same shi lafiya lau, sai an haɗa su ɓaraka ta bayyana. Shi ya sa masana ke yin gwajin haɗaka, wato su jefa tambaya ta ƙofar gaba, su jira abin da zai fito.

Kuskuren da ke sa na'ura ta tsaya cik da sauƙi, domin kowa zai gani. Abin tsoro shi ne ta ba da amsa hankali kwance, alhali ta tsallake suna uku cikin dubu goma. Ɗalibi ya ci jarrabawa, sunansa bai fito ba, kuma babu wanda ya ankara.

To, a nan gizo ke saƙa. Malami yana da takardar amsoshi, amma wa ya san amsar tambayoyi miliyan? Rubuta su da hannu ba ya kai mutum nesa. A 1998 Don Slutz na kamfanin Microsoft ya bayyana wata dabara: a sa na'ura ta ƙaga tambayoyi barkatai, a miƙa su ga rumbuna daban-daban, a kwatanta amsoshinsu. Duk inda suka saɓa, to akwai mai laifi. Rumbun SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, kuma yake cikin wayoyin Android da iPhone, ana yi masa irin wannan jarrabawa da tambayoyi fiye da miliyan 7, ana auna amsoshinsa da na PostgreSQL da MySQL da Oracle.

Sai dai kowane rumbu da karin harshensa. Ka ce a raba 5 gida 2, SQLite zai ce 2, MySQL kuwa ya ce 2.5, kuma kowa bisa ƙa'idarsa yake. Dole a kauce wa irin waɗannan wurare, sai ga shi an bar su ba gwaji.

Dabarar da ta fi burgewa ta fito ne a 2020 daga Manuel Rigger da Zhendong Su na jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan. A harshen SQL, sharaɗi yana da fuska uku: gaskiya, ƙarya, ko ba a sani ba. Alal misali, ka nemi ɗaliban da suka haura maki 50, sa'an nan waɗanda ba su haura ba, sa'an nan waɗanda ba a shigar da makinsu ba. In ka haɗa kashi ukun nan, tilas su ba ka ajin gaba ɗaya. Ka lura, mai karatu, ba ka buƙatar sanin makin kowa. In suna guda ya ɓace, ko ya fito sau biyu, rumbun ya tona wa kansa asiri.

Da wannan hanya suka gano kurakurai 175 a rumbunan da duniya ke aiki da su, ciki har da MySQL da SQLite. Daga ciki, 77 irin masu shirun nan ne da ke ba da amsa ba daidai ba.