Waya ko Kyamara: Wace Ce Ta Ishe Ka Ɗaukar Hoton Yau da Kullum?

A shekarar 2010, kamfanonin ƙera kyamara na Japan, irin su Canon da Nikon da Sony, sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya. A shekarar 2023 adadin ya zube zuwa ƙasa da miliyan 8. Mutane ba su daina ɗaukar hoto ba, hasali ma ba a taɓa ɗaukarsa da yawa kamar yanzu ba. Kyamarar ce ta tattara nata ya nata ta koma cikin waya. Wannan ƙaura ta soma ne a hankali: wayar Sharp da aka fitar a Japan a shekarar 2000 ko kashi ɗaya cikin biyar na megafiksel ba ta kai ba, iPhone ta farko kuma a 2007 megafiksel 2 gare ta.

Amma je ka wajen kamu ko dina, ko ka tsaya a filin hawan sallah. Kowa riƙe yake da waya, duk da haka ga mai hoto nan rataye da ƙatuwar kyamara a wuya, kuma ana biyansa kuɗi masu kauri. Me yake samu wanda wayarka ba ta samu? Kai kuma da ba sana'arka ba ce, akwai abin da kake asara idan ka tsaya a kan waya? Amsar tana cikin yadda kowacce ke sarrafa haske.

Haske shi ne jari

Duk na'urar ɗaukar hoto, babba ko ƙarama, aiki ɗaya take yi. Haske ya bugi fuskar mutum ya dawo, ya ratsa ta gilashin da ke gaban na'urar, ya sauka a kan wani ɗan faranti da ake kira sensa. Farantin nan an yanka shi gida-gida, miliyoyin gidaje ƙanana, kowane gida yana auna yawan hasken da ya faɗo masa ya mayar da shi lamba. Waɗannan lambobin ake harhaɗawa su zama hoto. Idan hasken da aka tara ya wadata, hoto ya fito tar. Idan ya yi kaɗan, sai ka ga ɗigo-ɗigo kamar an watsa wa hoton yashi, launuka kuma su dakushe.

A nan girman faranti yake da tasiri. Manyan kyamarorin ƙwararru farantinsu milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi, daidai girman fim ɗin da ake wankewa a da. Farantin waya mai matsakaicin kuɗi galibi kimanin milimita 6 da 4 ne. Idan ka lissafa filin kowanne, na kyamarar ya ninka na wayar fiye da sau 30. Ko wayoyi mafi tsada da ke tinƙaho da babban faranti, nasu milimita 13.2 ne da 8.8, wato har yanzu kyamara ta ninka su sau bakwai. Kamar mutum biyu ne suka fita tarar ruwan sama, ɗaya ya ajiye baho, ɗaya ya ajiye moɗa. Idan ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa zai samu abin da ya ishe shi. Idan yayyafi ake yi, mai moɗa sai dai ya koma da ɗan abin jiƙa maƙoshi. Shi ya sa da rana tsaka da wuya ka bambance hoton waya da na kyamara, amma da magariba ta yi, bambancin ya fito fili.

Me ya hana masu ƙera waya su saka babban faranti? Kauri. Babban faranti yana buƙatar babban gilashi da kuma tazara tsakaninsu, waya kuwa kaurinta bai fi milimita 8 ko 9 ba. Tudun nan da kake gani a bayan wayoyin zamani, wanda ke hana su kwanciya daidai a kan tebur, ƙoƙari ne na samar wa gilashi ɗan fili.

Wannan ne kuma ya sa bai kamata yawan megafiksel ya ruɗe ka ba. A kasuwar waya za a ce maka wannan 50 ce, waccan 108 ce, akwai ma mai 200. Megafiksel yawan gidajen da aka yanka farantin ne kawai. Idan faranti ƙarami ne, yawaita gidaje yana nufin kowane gida ya ƙara ƙanƙancewa, hasken da ake tarawa kuwa bai ƙaru ba. Su kansu wayoyin sun san haka, don galibi sukan haɗe gidaje 4 ko 9 ko 16 su zama ɗaya, su ba ka hoto mai megafiksel 12 ko kusa da haka. Kuma 12 ɗin ta ishe ka: allon talabijin na 4K megafiksel 8 ne da 'yan kai, hoton da ake wankewa a saka cikin albam kuwa ko 3 bai cika buƙata ba.

Dabarar da waya ta ɓullo da ita

Tun da waya ba za ta iya gasa da kyamara a girman faranti ba, sai ta koma ga abin da ta fi ƙarfi a kai, wato lissafi. Da zarar ka buɗe manhajar ɗaukar hoto, tun kafin ka danna komai, wayar ta riga ta fara ɗauka tana ajiyewa na ɗan lokaci. Idan ka danna, sai ta kwashi hotuna da dama da ta ɗauka a jere cikin ƙiftawar ido, ta daidaita su a kan juna, ta zubar da waɗanda hannunka ya girgiza, ta narkar da sauran su zama guda. Ɗigo-ɗigon nan ba ya faɗawa wuri ɗaya a kowane hoto, don haka idan aka haɗa da yawa sai ya baje ya ragu. Mai moɗa ke nan ya gano cewa idan ya yi ta tarawa yana juyewa, shi ma zai iya cika tulu.

Da wannan dabarar ce waya ke magance matsalar mai tsayawa a bakin ƙofa, rana na bayansa. A da sai dai ka zaɓa: ko fuskarsa ta fito bayansa ya yi fari fat, ko bayan ya fito shi ya zama inuwa. Yanzu wayar takan ɗauki wasu hotunan da duhu, wasu da haske, ta tsinci sararin sama daga waɗancan, fuska daga waɗannan. Ita ce kuma tushen tsarin ɗaukar dare, wanda Google ya fitar a wayoyin Pixel a 2018, Apple kuma a iPhone 11 a 2019. Daƙiƙa 2 ko 3 da wayar ke cewa ka riƙe ta kada ka motsa, tara haske take yi.

Hoton nan kuma da mutum ke fitowa raɗau bayansa ya yi dishi-dishi, a kyamara halitta ce ta babban gilashi da babban faranti. A waya kwaikwayo ne, wanda ya yaɗu tun daga iPhone 7 Plus a 2016. Wayar takan ƙiyasta me ke kusa, me ke nesa, ta zana iyakar jikin mutum, sannan ta shafe abin da ke baya. Ƙara girman irin wannan hoton ka duba gefen ɗaurin ɗankwalin amarya, ko tsakanin yatsunta lokacin da ta ɗaga hannu tana nuna lalle. Sau da yawa za ka ga an gutsure kunnen ɗankwalin, ko an bar ɗan wurin da ke tsakanin yatsu bai dushe ba. Nan ne ƙiyasin ya kuskure.

Da yake lissafi ne ke gina hoton, wanda ya tsara lissafin shi ke yanke yadda fuskarka za ta fito. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Shekaru da dama, katin gwajin launi da Kodak ke raba wa masu wanke hoto hoton Baturiya ne, da shi ake saita injina, shi ya sa baƙar fata ke yawan nutsewa cikin duhu. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Infinix da itel, ya saita kyamarorin wayoyinsa domin baƙar fata, kuma wannan na cikin dalilan karɓuwarsa a Afirka. Google ma ya bi sahu da tsarinsa na Real Tone a 2021. Sai dai wayoyi da yawa suna zuwa da wani tsari na gyaran fuska a kunne, wanda ke goge fata ta yi sumul, ya kuma haskaka ta fiye da yadda Allah ya yi ta. Ina ganin ya kamata mu riƙa kashe shi, musamman a hotunan iyaye da na yara. Zanen tsufa a goshin kaka da tsagar gado a kumatunta suna cikin abin da jikoki za su so gani.

Wani lokacin ma lissafin kan wuce gyara ya shiga ƙari. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan hotunan wata da wayoyin Samsung ke ɗauka, bayan an nuna wa wayar hoton wata da aka dusar da gangan a allon kwamfuta, ita kuma ta fito da shi da zane-zanen da babu su a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar na gane wata, sannan ta yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙawata shi.

Inda kyamara ba ta da na biyu

Na farko shi ne motsi. Haɗa hotuna da yawa yana aiki ne idan abin da ake ɗauka ya tsaya cak. Gini ba ya motsi, kwanon abinci ma haka. Amma yaro mai rarrafe a ɗaki da fitila ɗaya, ko ƙawayen amarya suna rawa da dare, kafin wayar ta gama tara haskenta sun sauya wuri. Sai hannu ya zama hayaƙi, fuska ta rabu biyu. Kyamara kuwa tana iya tara isasshen haske a buɗewa guda, kuma mai hoto na iya ɗora mata filasha mai ƙarfi ya harba hasken sama, silin ya dawo da shi a tausashe. 'Yar fitilar bayan waya ba ta da wannan ƙarfin.

Na biyu shi ne nisa. Ka ɗauka kana cikin taron Hawan Daushe a Kano, mahaya sun taho a sukwane za su yi jafi. Kana can baya, tsakaninka da su akwai tazara mai yawa. Idan ka sa yatsu biyu ka ja hoton kusa, a yawancin wayoyi yanka tsakiyar hoton kawai ake yi a buɗa shi, shi ya sa adon sirdi da ɗinkin alkyabba ke narkewa su zama tabo. Wayoyi masu tsada suna da gilashin nesa da aka kwantar a cikin jikinsu, irin wanda Huawei P30 Pro ta zo da shi a 2019 mai jawowa sau 5, amma farantin da ke bayansa galibi ya fi na babbar kyamarar wayar ƙanƙanta. Mai kyamara da gilashin milimita 200 ko 300, wanda ya saita ta ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, zai tsayar da dokin a sama, har ƙurar da kofato ya tayar a gan ta ƙwaya-ƙwaya.

Na uku shi ne girman bugu. Hoton da za a wanke a saka a babban firam, ko a buga a kalanda ko allon talla, yana tona duk abin da ƙaramin allon waya ke ɓoyewa.

Sai dai kyamara ma tana da nata nauyin. Bayan kuɗin jikinta akwai na gilasai, waɗanda wasunsu sun fi ta tsada, ga batir, ga katin ajiya, ga jaka. Tana son a koye ta, don a hannun wanda bai iya ba takan ba da hoton da bai kai na waya ba, tun da ba ta yin duk gyaran da waya ke yi da kanta. A ƙasarmu kuma ga ƙurar hunturu: duk lokacin da aka cire gilashi za a sauya wani, ƙura na iya sauka a kan faranti, daga nan kowane hoto ya riƙa fitowa da tabo a wuri ɗaya har sai an goge. Uwa uba, ba kullum take tare da kai ba. Ranar da yaro zai fara takawa ba ya sanarwa.

To, wace za ka zaɓa?

Idan hotunanka na iyali ne, da kayan sayarwa da kake turawa abokan ciniki, da takardu, da tafiye-tafiye, wayarka ta ishe ka. Abin da zai gyara hotonka ya fi sauya waya araha. Goge gilashin da gefen riga mai laushi kafin ka ɗauka, don maiƙon yatsa ne ke sa hoto ya yi hazo. Juya mutum ya fuskanci taga ko ƙofa, hasken ya sauka a fuskarsa. Matsa kusa da ƙafarka maimakon jawowa da yatsa. Da dare kuma jingina gwiwar hannu da bango ko mota.

Idan kuwa kana son mayar da hoto sana'a, ko ranka na kan wasanni da dawakai da tsuntsaye, kyamara za ta biya ka, ko da ta hannu ce. Ranar biki ko suna kuma, ɗauko mai hoto ya fi sayen kyamarar da za ta shekara a cikin durowa.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina. Iyayenmu hotuna kaɗan suka ɗauka a situdiyo, amma suna nan a albam har yau. Mu muna ɗaukar dubbai, waya ɗaya ta faɗa ruwa ko a sace ta, shi ke nan an yi asarar shekaru. Hoton da aka tura ta WhatsApp ma an matse shi an rage masa inganci, sai fa idan an tura shi a matsayin fayil. Saboda haka ka riƙa kwafe hotunanka na asali zuwa kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, sannan duk shekara ka zaɓi 20 ko 30 mafiya daraja ka kai a wanke maka su.