Abubuwan da ya kamata ka sani game da ɗaukar hoton gine-gine

Mene ne hoton gini?

Ɗaukar hoton gine-gine reshe ne na sana'ar hoto da ya shafi gidaje da masallatai da fadoji da gadoji. Wahalarsa ita ce, gini abu ne da ake shiga a zagaya, yana da tsawo da faɗi da zurfi, hoto kuwa a shimfiɗe yake, daga wuri ɗaya aka ɗauke shi, a lokaci ɗaya. Saboda haka kowane hoton gini zaɓi ne na wanda ya ɗauka: inda ya tsaya, da sa'ar da ya zo, da abin da ya bari a waje.

Me ya sa gini ya riga mutum shiga hoto?

Kyamarorin farko suna buƙatar lokaci mai tsawo kafin haske ya kama, gini kuwa ba ya motsi. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka a Faransa wajen 1826 ko 1827, rufin gine-gine ne da ya hango ta tagarsa, kuma sai da kyamarar ta yi aƙalla sa'o'i 8 a buɗe. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani titi mai cunkoso a Paris, amma titin ya fito wayam. Duk mai tafiya ya ɓace, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. A 1851 gwamnatin Faransa ta tura masu hoto 5 su zagaya ƙasar su ɗauki tsofaffin gine-gine.

Yadda kyamara ke ganin bango

Idon kyamara, wato gilashin da haske ke shiga ta cikinsa, ba ya gyara abin da ya gani kamar yadda ƙwaƙwalwa ke yi wa idon mutum. Idan aka tsaya a gindin dogon gini aka ɗaga kyamara sama, bangayen da suke a miƙe sai su karkata, ginin ya yi kamar zai faɗi ta baya. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon kusan mita 27, da ma tana tsukewa ne zuwa sama, to hoton da aka ɗauka daga gindinta yakan ƙara mata tsini fiye da yadda magina suka yi. Maganin wannan shi ne a ja da baya a riƙe kyamara daidai, ko a yi amfani da gilashi na musamman da ake zamewa sama ba tare da an karkatar da kyamarar ba. A yau akan miƙar da layukan a kwamfuta.

Akwai kuma gilashi mai faɗin gani, wanda ke kwaso ɗaki duka amma ya nesanta bangon ƙarshe. Da shi dillalan gidaje ke sa ɗan ƙaramin falo ya yi kama da fili.

Haske da inuwa

A nan gwaninta take. Zanen da ake tayarwa a jikin bangon ƙasa a Zariya da Kano ba ya fita sai da inuwa. Idan rana tana bayan mai hoto tana dukan bangon kai tsaye, zanen ya baje. Idan ta zo ta gefe, da hantsi ko bayan la'asar, kowane tudu ya yi inuwarsa, dagi ya fito sarai, zankwaye su tsaya a kan sama. Wasu kuwa inuwar suke gudu. Bernd da Hilla Becher na Jamus sun shafe shekaru suna ɗaukar tankunan ruwa da masana'antu a ranakun da gajimare ya rufe, don siffar ginin kaɗai ta bayyana. Hazon hunturu yana ba da irin wannan haske mai laushi.

Cikin ɗaki ya fi wuya. Soro yana da duhu, ƙofarsa tana da haske, kyamara kuma ba ta iya riƙe biyun lokaci ɗaya. Ko dai ƙofa ta yi fari fat, ko rufi ya yi baƙi ƙirin, bakan gizo da ɗaurin guga su ɓace. Shi ya sa ake ɗaukar hotuna da dama daga wuri ɗaya, wani don duhu, wani don haske, sannan a haɗa su.

Mutum a cikin hoto

Gini babu kowa ba a gane girmansa. Hoton da Julius Shulman ya ɗauka a 1960 na wani gidan gilashi a Los Angeles ya yi suna ne saboda mata biyu da ke zaune a kusurwarsa, fitilun birni a ƙarƙashinsu. Ya nuna yadda zaman gidan yake, ko dai yadda ake so a ɗauka yake, domin an tsara zaman nasu ne.

Abin da hoto ba ya kamawa

Sanyin soro da tsakar rana, da amsa-kuwwar murya, da ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, duk ba sa shiga. Jerin wurare ma haka. Ma'anar gidan Bahaushe tana cikin tafiya daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, da sanin inda baƙo ke tsayawa. Hoton tsakar gida yana kai mai kallo inda sallamarsa ba za ta kai shi ba, kuma ba ya gaya masa hakan.

Tasiri

Yawancin shahararrun gine-gine ta hoto aka san su, abin da ke jan wasu masu zanen gini su fifita fuskar da za ta yi kyau a mujalla a kan jin daɗin mazauna. Amfanin hoton gini mafi girma shi ne adana tarihi. Makarantar nan mai iyo a kan ruwa ta Makoko a Legas, wadda Kunlé Adeyemi ya zana, ta rushe a 2016, kuma a hotunan Iwan Baan aka fi ganinta yanzu. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu na shekarun 1830, an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, wani ɓangarensa kuma ya rufta a Agustan 2023. Hotuna da awon da masu bincike irin su Zbigniew Dmochowski suka yi suna cikin abin da ake komawa gare shi don sanin asalin siffarsa.