Ko Kun Sani?

A Birtaniya, magidanta da yawa sukan ajiye kasko mai ruwa a lambun gida domin tsuntsayen daji. Sha kaɗai ba ya isar tsuntsu. Sai ya yi wanka gashinsa ke tsabta, ya riƙe masa ɗumi lokacin hunturu. Masu cin tsaba sun fi bukatar ruwan, saboda abincinsu busasshe ne.

Amma kaskon da ba a wankewa yana kisa. Tun 2005 wata cutar maƙogwaro ke yaɗuwa ta ƙazamin ruwa da mazubin abinci. Ta yi wa wani koren tsuntsu mai suna greenfinch ɓarna, har a 2021 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen ƙasar mafi shiga haɗari. Shi ya sa ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke cewa a sauya ruwan kullum.