Ƙararrawar Ɓarayi Mai Waya: Yadda Za Ka Sarrafa Ta Kullum

Ƙararrawar da ke tashi ba dalili, maƙwabta kan gaji da ita, ranar da ɓarawo ya shigo kuwa babu mai leƙowa. Shi ya sa iya sarrafa ta yake da muhimmanci.

Kafin ka fita, rufe ƙofofi da tagogi. Kowace tana da maganaɗisu da waya ta haɗa da akwatin na'urar, kuma idan ɗaya tana buɗe, na'urar za ta ƙi kunnuwa ta nuna maka wurin. Da zarar ka danna lambar sirri, tana ba ka 'yan daƙiƙoƙi ka fice. In ka dawo, ka bi ƙofar da aka tsara, ka kashe ta kafin jiniya ta tashi.

Da daddare, kunna tsarin dare: ƙofofi na cikin tsaro, kai kuma kana zirga-zirga a ɗakinka ba tare da ta yi ƙara ba.

Kada ka manta da batirin ajiya mai volt 12. Yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma yawan ɗauke wuta na rage masa kwana. Ka riƙa gwada shi, domin ɓarawo ma ya san lokacin da unguwa ke duhu.