Ziyarar Gidan Adana Kayan Fasaha: Misali Daga Gidan Makama

Ɗaya daga cikin hanyoyin da malamin Hausa kan bi wajen koyar da al'ada ita ce fitar da ɗalibai daga aji zuwa inda kayan al'adar suke a ajiye. Irin wannan wuri shi ne gidan adana kayan tarihi da fasaha, wato inda ake tattara ayyukan masu hikimar hannu, kamar saƙa da ɗinki da ƙira da sassaƙa, a jera su domin jama'a su gani. A Arewacin Nijeriya akwai irinsa a Jos, wanda aka buɗe a 1952, da Kaduna da Kano. A nan za a ɗauki Gidan Makama na birnin Kano a matsayin misali.

Gidan yana cikin birni, kusa da fadar Sarki. Ana danganta shi da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, an kuma ce a nan ya zauna kafin a gina Gidan Rumfa. Sashen da aka mayar gidan tarihi yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Kuskuren da sabon malami kan yi shi ne ya wuce da yara kai tsaye zuwa ɗakunan nuni, alhali ginin kansa shi ne abin kallo na farko. Kamata ya yi a tsaya a zaure, a ce kowa ya ɗaga kai. Itatuwan da aka jera a rufi su ne azara, daga giginya ake faso su, an kuwa zaɓe su ne saboda gara ba ta cika cin su ba. To amma azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan ɗaki ya yi faɗi. Dabarar da maginin Hausa ya yi ita ce ya tayar da bakan gizo daga bango zuwa bango, ya raba rufin gida-gida, kowane yanki daidai tsawon azara. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara ɗaukar ginin ƙasa a matsayin aikin rashin sani ba. Daga nan sai a fita a nuna masa zanko da kaurin bangon tubali, a tambaye shi dalilin da ya sa cikin soro yake da sanyi ko da rana ta take.

A ciki akwai hotunan ganuwa da ƙofofin Kano, da kayan yaƙi, da na kiɗa, da na sana'o'i, har da ɗakin amarya da aka yi wa jere irin na da. Ga malamin harshe, amfanin waɗannan ya wuce kallo. Kalmomi irin su sulke da lifidi da taskira suna nan cikin littattafan adabin da ake karantawa a aji, amma yawancin ɗalibai haddace su kawai suke yi, domin abin da suke nufi ya fita daga gidaje. Idan kaya ya ɓace, sunansa ba ya daɗewa a bakin mutane.

Saboda haka wajibi ne malami ya riga ɗalibansa zuwa, ya zaɓi abubuwa biyar ko shida da suka dace da darasinsa. Zagaye dukkan ɗakuna cikin sa'a guda yawon buɗe ido ne kawai. A gaban kowane abu a tambayi ɗalibai: da me aka yi shi, wane ne ya yi, wa ke amfani da shi, kuma ko har yanzu ana yin irinsa? A hana su kwafe bayanin da ke jikin allo kafin su dubi abin sosai. Haka kuma a gaya musu dalilin hana taɓa kaya, wato gumi da maiƙon hannu suna lalata tsohon zane da fata.

Akwai wata matsala da bai kamata a raina ba. Wasu iyaye suna ɗaukar gidan tarihi tamkar ɗakin gumaka, har sukan hana 'ya'yansu zuwa. Gardama ba ta magance wannan. Abin da ya fi shi ne takardar neman izini da za a aika gida ta hannun shugaban makaranta ta bayyana abin da za a gani dalla-dalla, in ya yiwu ma a gayyaci uba ɗaya ko biyu su yi rakiya.

Bayan an dawo, kowane ɗalibi ya rubuta sababbin kalmomin da ya samu, ya kai wa wani dattijo a gidansu ko unguwarsu ya ji yadda su suke kiran abin. Sau da yawa za a tarar sunan da Bakano ya sani ya bambanta da na Basakkwace ko Bazazzagi, sai malami ya ɗauki waɗannan bambance-bambance ya gina darasin karin harshe na mako mai zuwa a kansu.