Chagoua: Unguwar da Harshe Ɗaya Ba Ya Isar Mutum

Jama'a, yau a Chagoua muke, unguwar nan ta bakin kogin Shari a birnin N'Djamena. Ku gyara zama ku sha labari.

Ƙasar Chadi na da harsuna sama da 120, amma biyu kacal hukuma ta ba kujera: Faransanci da Larabci. Sauran suna kan tabarma, kuma su suka fi surutu.

A gidajen Chagoua da dama Ngambay ake yi, ko wani daga cikin harsunan Sara, domin yawancin mazauna unguwar asalinsu kudu ne, wajen Moundou da Sarh. Faɗan uwa dai ba ya ratsa yaro sai da harshen gida.

Yaro zai karya kumallo da Ngambay, a aike shi kasuwa ya yi ciniki da Larabcin Chadi, ya shiga aji malam ya tare shi da Faransanci. Harshe uku kafin azahar, kuma ba wanda ya tafa masa!

Larabcin nan, ɗan'uwan wanda Shuwa ke yi a Borno, na kowa ne, Musulmi da Kirista, amma ya yi nisa da na littafi. Malamin da ya zo sayen kifi da cikakken nahawu zai sha kallo, farashi kuma ba zai sauka ba.

In an yi ciniki da Larabci, da riyal ake ƙirga, kuma riyal ɗaya sefa 5 ne, daidai da dala a Maraɗi. Baƙo ya ji an ce ɗari ya miƙa sefa 100, ashe 500 ake nufi. Murna ta koma ciki.

Masana sun sa Hausa a dangin harsunan da aka raɗa wa sunan tafkin Chadi, kuma ita ce babbarsu. Sai ga shi a Chadi kanta masu yin ta tsiraru ne, cikinsu har da jikokin mahajjatan ƙafa da suka yada zango suka zarce da zama. Makka ta yi nisa, Chadi ta yi daɗi.

Ingilishi fa? Darasi ne na sakandare: a haddace, a rubuta jarrabawa, a bar shi a ƙofar aji. Mai babur ɗin haya, wato kilando, ba ya buƙatarsa kafin ya caje ka.

Darajar Ingilishi ta ɗan ɗaga tun da man fetur na Doba ya fara fita a 2003, masu neman aikin kamfani suka koma ɗalibai. Inda albashi ya leƙa, harshe sai ya warware.

Kada kuma ka ce za ka tsallaka Kousseri ta Kamaru ka wasa Ingilishinka don ƙasar na amfani da shi a hukumance. Can ma Larabci, Fulatanci da Faransanci za su tarbe ka. Ka yi asarar kuɗin mota, malam!